Inci Bakwai Tsakanina da Ƙasa

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa da bakina: eh, ni ce yarinyar da saurayi ya kawo wa babur sabo dal har ƙofar gida, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa tana kuka. Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa min shi a gidanmu har da ƙari. Ni dai ku bari in kai ƙarshe, sannan kowa ya yanke min hukuncin da ya ga dama.

Ni gajera ce. Ba irin wadda ake lallashi da "ai ba ki da tsawo sosai" ba, a'a, gajera ta gaske, wadda in ta zauna a kujerar falo ƙafafunta suke lilo. A gida Auta ake kirana. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani ɗakin gwajin jini, amma ba gwajin nake yi ba. Ina zaune ne a teburin bakin ƙofa, in rubuta suna, in liƙa takarda a jikin kwalba, in ce wa mutane su ƙara haƙuri. Aikin gwajin da na karanta kuwa yana can kwance a jikin takardar shaida, a ƙarƙashin katifar Umma.

Wata uku da suka wuce Madam, mai wurin, ta ce za ta buɗe sabon aiki. Mutum ɗaya take so, mai takarda, wanda zai riƙa zagaya ƙananan asibitoci da gidajen tsofaffin da ba sa iya fita, ya ɗebi jini da hannunsa, ya kawo a kula kafin ya lalace. Sharaɗinta ɗaya ne: babur naka na kanka, kuma ka iya shi.

"Nan da wata uku, Litinin ɗin farkon wata, ƙarfe takwas, ki zo da shi," in ji ta. "Zan ɗaura miki kula cike da kwalaben ruwa, ki zagaya layin nan sau uku, ki tsaya duk inda na ɗaga hannu. Kwalba ɗaya ta fashe, na ba wani."

Madam ba ta maimaita magana, kuma mutum biyu ne a bayana suna jiran in kasa.

Na tasa Abba a gaba da magiya har ya gaji ya ce in je in koya. Wata biyu da rabi ina zuwa filin makarantar unguwarmu bayan an tashi, ni da wata ƙawata mai roba-roba, ƙaramin babur ɗin nan da ba shi da tanki a tsakiya, mace ta zura ƙafa ta zauna abinta. Na sha ƙasa har na daina ƙirgawa, gwiwata ta hagu har yau ba ta koma kalarta ba. Amma na fito da darasi ɗaya da babu mai ƙwace min shi. Tafiya a kan babur ba ita ce wahala ba, ko buhu aka ɗora zai tafi. Tsayawa ce aikin. In kika taka birki, dole tafin ƙafarki ya sauka a ƙasa gaba ɗaya, in ba haka ba ke da babur ku kwanta tare.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu, na ɗauki ɗan abin da na tara, na ce wa Yayana ya raka ni shagon babura. Tun daga bakin ƙofa mai shagon ya miƙa wa Yaya hannu biyu, ya jawo masa kujera.

"Wanne ranka ya daɗe yake so?"

"Ni ce mai saye," na ce.

"Madalla, madalla," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Ranka ya daɗe, ga wannan, shekaranjiya aka sauke shi."

Jama'a, ku zo ku ga Yaya. Magidanci mai 'ya'ya biyu, ya hau wannan ya sauka ya hau wancan, yana murɗa totur ɗin babur ɗin da ko mai babu a ciki. Suka shiga hirar giya biyar da gudun da yake yi a babban titi, kamar tsere aka ce musu zan shiga. Da na ga ba su san ina wurin ba, sai na sulale can ƙuryar shagon, bayan tarin tayoyi.

A nan na gan shi. Ɗan ja ne, ƙura har ta rufe ledar sirdinsa. Ba shi da kulochi, giyarsa da ƙafa kawai ake takawa. Ga kwando a gaba, ga kariya mai faɗi a baya daidai zaman kula. Na tattare doguwar rigata na zauna, na ture shi daga kan jak da kaina, sai na ji tafin ƙafafuna duka biyu sun sauka a siminti. Na karkata shi hagu ya tsaya, na karkata shi dama ya tsaya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don tunda nake ban taɓa zama a kan wani abu na ji kamar don ni aka yi shi ba.

"Wannan kuma fa?" Yaya ya leƙo. "Ai na zuwa cefane ne. Wa zai ba ki hanya a kan wannan? Ko mai keke sai ya raina ki."

"Yaya, ni ba hanya nake nema a ba ni ba. Tsayawa nake so in iya."

Sai a lokacin mai shagon ya dube ni, ya duba ƙafafuna a ƙasa, ya gyaɗa kai. "Gaskiya Hajiya ta fi mu gane abin. Sabon hannu ba ya son nauyi. Kuma shi kaɗai ya rage min."

Na buɗe jaka zan biya, Yaya ya dafe ta. Wai ba a yin haka, sai Abba ya ga hoto tukuna. Mai shagon ya ce babu komai, zai sa batir ya duba birki, in zo ranar Asabar. Yaya ya ɗauke ni hoto a kan babur ɗin, ƙafafuna a ƙasa, na tura wa Mai Taga.

Yanzu bari in gabatar muku da mutumin. Tagogi da ƙofofin gilashi yake haɗawa. Shekara ɗaya da rabi da ta wuce ya zo canza mana tagar falo, ya auna ta sau uku a rana uku daban-daban, har Yaya ya ce wannan ba taga yake aunawa ba. Tun daga nan gidanmu ba a san shi da wani suna ba sai Mai Taga. Dogo ne, shiru-shiru, tef ɗin awo ba ya barin ƙugunsa ko da manyan kaya ya sa. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: wai bai taɓa yanka gilashi ya ƙi shiga gurbinsa ba. Manyansa sun zo sun gaisa da Abba, ana ta maganar lokaci. Kuma ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ne da zai baro aikinsa da tsakar rana ya kawo min ruwan sanyi wurin aiki, ya ajiye a teburina ya tafi ba tare da ya ce komai ba. Likita yake kirana, ko da yake ya san takarda kawai nake liƙawa.

Na rubuta masa: "Ka ga abin hawana."

"Wannan ɗan tsakon?"

"Ƙafata ta kai ƙasa!!!"

"Kin biya?"

"Sai Asabar."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya sake gogewa. Can sai ga shi: "To Likita. Kar ki yi gaggawa."

Ranar Juma'a bayan la'asar ina ɗaki da tsohuwar riga mai tabon man gyaɗa a gaba, kaina rabi a tsefe, sai na ji wani hon mai kauri a ƙofar gida. Kafin in nemo ɗankwali na ji muryar Umma tana ta "Masha Allah, masha Allah, Auta fito ki gani!"

Na zura hijabi na fita. Babur ne baƙi wuluk, tankinsa ya kai buhun shinkafa, salansa tana ƙyalli, an ɗaura masa jan kirtani a tsakanin madubai. Mai Taga yana tsaye a gefe cikin shuɗin yadi, ƙamshin turarensa ya cika layin, ya riƙe makulli a cikin ɗan akwati irin na zobe. Abba ya fito da carbi a hannu yana sa albarka. Matan maƙwabta kuwa kowace ta samu dalilin fitowa zubar da shara.

"Na ce Likita guda ba za ta hau ɗan tsako ba," ya ce yana murmushi, ya miƙo min akwatin.

Na karɓa, na yi godiya.

"Hau mana a ɗauki hoto," in ji Yaya.

Na koma ciki na sa wando a ƙarƙashin riga, na dawo. Hawansa ma kaɗai sai da na dafa kafaɗar Yaya kamar mai tsallake katanga. Aka ɗauki hoto, kowa yana dariya, don babur ɗin yana kan jak. Da Yaya ya ture shi ya sauka a kan tayoyinsa, sai na miƙa ƙafar dama, babu ƙasa. Na miƙa ta hagu, babu. Na miƙe babban yatsana iya ƙarfina, iska kawai nake shuri. Na kai hannu zan matsa kulochi, yatsuna biyu ne kawai suka kamo shi, kuma ya yi tauri kamar sakatar da ta yi tsatsa.

"Ƙafata ba ta kai ba," na ce a hankali.

"Ba zai yiwu ba," in ji Mai Taga. Ya zaro tef ya durƙusa ya auna daga sirdi zuwa ƙasa. "Inci talatin da uku. Na auna a shago, na sake aunawa. Ke kuma arba'in da ɗaya ce. Akwai rarar takwas."

"Arba'in da ɗaya a ina?" Yaya ya tambaya.

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Wai ya ji nauyin ya tambaye ni tsawon ƙafata, sai ya je wurin telar da take min ɗinki ya karɓo tsawon siket ɗina.

Yaya ya saki babur ɗin da hannu ɗaya ya dafa bango don dariya, saura kaɗan in tafi ƙasa. "Malam, siket ai daga ƙugu yake farawa! A kan ƙugu ake hawa babur?"

"Ga shi siket ɗin Auta duk da dogon takalmi ake auna su," wata maƙwabciya ta ƙara, "har shara suke yi."

Layin ya kaure da dariya. Kowa abin ya burge shi: ka ga yaro mai kunya, ka ga tarbiyya. Ni kuwa ina can sama a maƙale, ina jiran wani ya tuna ya sauke ni. Da ƙafata ta taka ƙasa ban tsaya ba sai ɗaki, na murza makulli.

Umma ce ta buga har na buɗe.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutum ya yi miki wannan hidima, ki watsa masa ƙasa a ido a gaban jama'a?"

"Umma, ba zan iya tsayar da shi ba."

"Sai ki koya. Wancan ma ai koya kika yi."

"Kwana uku ya rage! Kuma koyo ba ya ƙara tsawon ƙafa. A mayar a canzo ƙarami mana."

"A mayar? Danginsa duk sun ga hoto. So kike a ce tun ba ki shiga ba kin fara raina abin hannunsa?"

"To in sayi nawa, wannan a ajiye."

"Ki ajiye nasa a tsakar gida ƙura ta rufe, ki fita da wani a idon unguwa? Ba dai a gidan nan ba."

Na je wurin Abba ina sa ran sauƙi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ya riga ya kira kawun yaron ya yi godiya, in yi haƙuri in gwada tukuna. Kun san irin haushin da mutum yake ji har ya rasa wanda zai huce a kansa? Filo na ciza.

Ranar Asabar gaba ɗaya a kan gyara ta ƙare, amma in kun lura ni ake ƙoƙarin gyarawa. Aka kira bakanike ya ɓalle sirdin, ya sa wuƙa ya rage soson har ya zama kamar a kan ƙarfe nake zaune. Ya sassauta shakazoba. Yaya ya ce a sace iskar taya, bakaniken ya ce in dai so ake ta mutu da wuri, to a sace. Maƙwabciyarmu ta aiko min da takalmin bikinta mai tudu, wai in riƙa tuƙi da shi. Bayan duk wannan, in na zame ɗuwawuna gefe guda har na kusa barin sirdin, kan yatsan ƙafa ɗaya yana ɗan shafar ƙasa.

"Kin gani? An samu!" in ji Yaya.

Na ce to, tunda an samu, a yi ta yadda Madam za ta yi. Na ɗauko kular gidanmu, na jera kwalaben ruwa shida, na ɗaure a baya, na kifa hular kwano. Mai Taga ya matso da sauri.

"Ba sai kin hau titi ba, Likita. Ki bari sai a hankali."

"Jibi ne a hankalin," na ce.

Sau uku ina sakin kulochi yana mutuwa. A na huɗu ya zabura, na ji iska ta cika min hijabi, har na fara cewa a raina ko dai zan iya. Ban yi nisa ba wata mota ta fito da baya daga wani gida. Na taka birki daidai yadda aka koya min, babur ya tsaya cak, na sauke ƙafa. Babu komai a wurin. Ina ji ina gani muka tafi gefe a hankali, ni da shi da kular. Na ji ƙarar kwalabe, sannan na ji salansa ta manne min a ƙwauri.

Mai Taga ne ya fara isowa. Ya ɗaga babur ɗin ya jefar gefe kamar ba shi ya saya ba, fuskarsa ta canza. "Kin gani ko? Abin nan ba wasa ba ne."

Kwalba huɗu ce ta fashe. Ina zaune a tsakar gida Umma tana shafa min magani, sai ga kiran mai shago. Wai ya jira ni ban zo ba, ga wani ya zo yana son ɗan jan nan. Na roƙe shi da muryar kuka. Ya ce don ya ga yadda na zauna a kansa, zai riƙe min zuwa gobe da magariba, lokacin da yake rufewa. Daga nan kuma kar in ga laifinsa.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗingisa zuwa shagon Anti Tela, karɓar kayan aikin da na ba ta: riguna biyu masu tsaga a gefe, da wanduna, don zama a kan babur. Tana kan keke, tef a wuya, allura a baki. Ta ga bandeji a ƙafata ta tofar da allurar.

"Subhanallahi! Me ya same ki?"

"Ke kika ja min, Anti," na ce cikin wasa, ko da yake ba wasa a raina. Na kwashe labarin na ba ta, har da arba'in da ɗaya da rarar takwas. Na zaci za ta yi dariya kamar kowa. Sai na ga ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Siket kuma? Shi ya ce miki haka?"

Ta jawo littafin awonta, wanda duk gefensa ya yi baƙi da alli da yatsa, ta buɗe shafina ta juyo min da shi.

"Da ya zo, siket ya tambaya. Na ce me za ka yi da shi, ya ce babur. Na ce haba ɗan nan, wa yake duba siket a hawan babur? Na ba shi na wando, tsawon ƙafa ta ciki, daga sama har ƙasa. Ga shi nan, ashirin da shida. A gabana ya rubuta a bayan katinsa, har ya maimaita min. Ya ma ce ya sani, aikinsa ke nan."

Na tsaya ina kallon lambar. Talatin da uku a cire ashirin da shida, ko ɗan aji biyu ya san bakwai ne. Kwana biyu ina jin haushin kaina, ina cewa ni ce marar godiya, ina tausayin bawan Allah da kunya ta sa ya yi kuskure. Ashe babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na bar kayan a kan teburin Anti sai da ta biyo ni da su.

Na rubuta masa: "Ka zo gida."

"Lafiya, Likita? Ya ƙafar?"

"Ka zo."

Bai iso ba sai bayan la'asar sosai, da leda a hannu, ayaba da man ƙuna. Na same shi a ƙofar gida kusa da babur ɗin, wanda yanzu madubinsa ɗaya ya karye. Ban karɓi ledar ba.

"Inci nawa ne ƙafata?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ai mun wuce wannan."

"Malam, inci nawa ne? Daga wurin Anti nake."

Murmushin ya tafi. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙarshen layi, ya ajiye ledar a kan sirdi. Sannan ya ce, "Ashirin da shida."

"Ashe ka sani."

"Na sani."

"Ka tsaya a gaban Abba, a gaban unguwa, ka zaro tef ka mai da kanka abin dariya, don kawai in kasa?"

"Shagona a bakin babban titi yake," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ke ba ki ga abin da nake gani ba. Babu satin da ba ma fita da gudu mu ɗago wani. Watan jiya mace ce, da kwando a gaba irin wanda kika turo min. Ni na rufe ta da mayafinta. Da na ga hotonki, ita na gani."

Na ji zuciyata ta ɗan karaya, kuma hakan ya ƙara min haushi.

"Sai ka faɗa min."

"Da kin ji?"

"Da ban ji ba. Amma da ban ƙone ba."

Ya runtse ido. "Ban zaci za ki hau titi ba. Na ce in kika ga ya fi ƙarfinki za ki haƙura da kanki, ba sai mun yi rigima ba. Babur ɗin in riƙa kai ki aiki da shi in ɗauko ki. Me ya yi zafi? Teburin nan ai ba ya cizo."

"Shekara biyu ina liƙa takarda. Kai kake kirana Likita, ashe kai ma a bakin ƙofa kake so in ƙare."

Na ciro ɗan akwatin daga aljihun rigata na miƙa masa. Ya mai da hannuwansa baya.

"In na karɓa, me zan ce wa mutanena?"

"Ka ce musu kuskuren awo ka yi. Ai kowa ya riga ya yarda."

Na ɗora akwatin a kan tanki na juya. Hawaye ne cike da idona, don har a lokacin ina son mutumin nan, kuma ban san yadda zan yi da son ba. Na kai bakin ƙofa ke nan na ji ya ce:

"Likita. Ba ni kaɗai ba ne. Ki tambayi Umma."

Na same ta a ɗakinta tana ninke wanki a bakin gado. Ba ta ɗago ba, kuma daga yadda ba ta ɗago ba na san ta ji komai ta taga.

"Umma, gaskiya ne?"

Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta daidaita gefensa, ta ɗora a kan sauran.

"Ni na kira shi ranar Alhamis, da yayanki ya nuna min hoton. Na ce ya samo wanda ba za ki iya ba."

"Umma, ke kika shafa min magani jiya."

"Ni ce. Kuma na gode wa Allah da abin ya tsaya a ƙwauri." Sai yanzu ta dube ni, idonta jawur. "Tun ranar da kika fara zuwa filin nan ban ƙara jin ƙarar birki a titi gabana bai faɗi ba. Babanki ya riga ya amince, ba zan tsallake maganarsa ba. Gara ki ji haushina kina zaune a gabana, Auta."

Da masifa ta yi min, da na san yadda zan yi. Na duba waya, rana ta kusa faɗuwa. A gabanta na kira mai shago.

"Kar ka ba kowa. Ga ni nan zuwa."

"To Hajiya, ki hanzarta, mun fara shigar da kaya."

Na kashe. Na yafa mayafi, na rataya jaka, sannan na durƙusa a gabanta duk da ƙunar tana ja na.

"Umma, gobe ƙarfe takwas ne. Zan hau. Allah ya tsare ni a hanya, ya dawo miki da ni lafiya."

Na sunkuyar da kai ina jira. Umma, wadda ko shagon bakin layi zan je sai ta bi ni da addu'a har in ɓace mata, ba ta ce amin ba. Ina nan durƙushe, jaka a kafaɗa, hasken taga yana ja da baya, ta miƙa hannu ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninkewa.